Tambayar mashaya a jarrabawar zama ɗan Birtaniya: wai dats da pul

Maman Ilham (Leeds): Assalamu alaikum jama'ar gida. Waɗanda suka riga suka yi jarrabawar Life in the UK don Allah ku zo ku agaji 'yar'uwarku, saura kwana 9 in shiga, kaina har ya ɗau zafi. Jiya da dare ina gwajin tambayoyi a waya sai ga wata wai waɗanne wasanni biyu ne na gargajiya a mashayar Ingila. Ni da ko ƙofar mashaya zan wuce sai na ƙara sauri! Na canka na faɗi. Amsar wai dats da pul, wato jifan allo da ƙananan kibau, da buga ƙwallaye da sanda a kan teburi. Shekara 5 ina wa tsofaffinsu wanka, ina biyan haraji, ashe abin da ya rage in zama 'yar gari shi ne in san wasan 'yan giya.

Abban Sadiq (Manchesta): Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki Maman Ilham, abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Tambaya 24 ce, minti 45, ki ci 18 kin wuce. Ni ban kai minti 15 ba na fito. Kuɗin fam 50 ne, in aka faɗi sai an sake biyan wani fam 50 ɗin, to nan ne zafin yake. Shawara ɗaya zan ba ki: kada ki yi gardama da littafin. Abin da littafin gwamnati ya ce shi ne gaskiya a ranar, ko da idonki ya ga akasinsa. Kuma ki tafi da ainihin takardar shaidar da kika yi rajista da ita, a gabana aka mayar da wani bawan Allah gida saboda sunan da ya rubuta ya bambanta da na fasfonsa. Za su duba aljihu, har bayan kunne suna leƙawa, kada ki ji haushi, kowa ake yi wa.

Hajiya Binta (Landan): Bayan kunne kuwa! Ni sai da wata ma'aikaciya ta ja ni gefe na ɗaga mata hijabi. Ba ta yi min wulaƙanci ba gaskiya. Ki haddace matan Sarki Henry na takwas su 6, wacce aka saka, wacce aka fille wa kai. Ni a nan na san cewa ba mu kaɗai muke fama da kishiyoyi ba.

Maman Ilham (Leeds): Hajiya kin sa ni dariya a wurin aiki. Shi ai bai taɓa haɗa biyu a lokaci guda ba, sai ya kawar da ɗaya tukuna.

Malam Habu (Bradford): Ina ganin a rarrabe abu biyu. Sanin abu daban, aikata shi daban. Ki karanta cewa suna wasa kaza a mashaya ki amsa a kwamfuta, babu komai a kanki. Abin da nake jan kunnen matasanmu a kai shi ne shiga wurin da sunan wai kallon ƙwallo ko buga pul. Hani ya tabbata a kan zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma wannan bai canza ba don mun canza ƙasa. Allah ya ba ki sa'a 'yar'uwa.

Maman Ilham (Leeds): Amin Malam, na gode.

Baba Ɗanjuma (Bristol): Ku yi haƙuri da tsoho, ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. 'Yata, amsar da za ki ba su ita ce dats da pul, kada ki canza. Sai dai ki sani littafin bai faɗi daidai ba. Pul ba na gargajiya ba ne, baƙo ne kamar ni da ke, daga Amurka ya zo. Na sauka ƙasar nan a 1974 na zo karatu, kuma a gabana aka riƙa shigo da teburan pul ana fitar da na dā. Yau an wayi gari an rubuta shi cikin 'yan gado. To in shekara 50 ta isa ta mai da teburi ɗan gari, ni ma sai a rubuta ni a littafin.

Abban Sadiq (Manchesta): Allah ya ƙara lafiya Baba. To mene ne na dā ɗin? Mu dai mun zo mun tarar da pul da na'urar caca da talabijin.

Baba Ɗanjuma (Bristol): Yauwa ɗana. Kowane yanki da nasa, shi ya sa layi ɗaya a littafi ba zai ɗauke su ba. A nan yammacin Ingila, Somerset da Devon da Gloucestershire har kudancin Wales, sikitul ake yi. A bayan mashaya akwai wani dogon ɗaki siriri mai daɓen katako, a ƙarshensa an jera gungumen itace guda 9, kai kuma ana ba ka ƙwallon katako 3 ka gangaro. Babu inji ko ɗaya. Yaro ake ɗauka ya tsaya can ƙarshe, a kayar ya tayar, ya turo ƙwallayen ta wata kwata su dawo. Wannan yaron ni ne, shekara 2, duk daren Talata da Alhamis, don kuɗin makaranta da ake aiko mana daga gida ba ya zuwa a kan lokaci.

Har yau ina da tabo a ƙaurina. Akwai wani ɗan lungu da ake fakewa, ranar farko ban san da shi ba, na tsaya a fili kamar gunki. Wani mahauci ya sako ƙwallo, gungume ya yi tsalle ya same ni. Suka yi ta dariya, sannan shi mahaucin ya zo ya kama hannuna ya nuna min inda zan tsaya da yadda zan jera su da ƙafa ba sai na sunkuya ba. In an tashi wasa ana fito da burodi da cuku da albasa mai tsami, ƙungiyar gida ce ke ciyar da baƙi ko an ci su ko sun ci. Wata rana mutum ɗaya bai zo ba, aka rasa cikon ƙungiya, aka ce yaron nan ya shigo. Daga ranar aka fara kirana da sunana. Kafin nan ban da suna a wurin.

Na karɓi takardar ƙasar nan tun babu wata jarrabawa, cike takarda ne da rantsuwa. Amma in kun tambaye ni ranar da na zama ɗan unguwar, ranar da aka rasa cikon ƙungiya ce.

Hajiya Binta (Landan): Baba wannan labari ai fim ne. Amma ba ka ji tsoronsu ba, kai kaɗai baƙar fata a tsakiyar mashaya a shekarun nan?

Baba Ɗanjuma (Bristol): Na ji mana 'yata. Akwai inda na shiga kowa ya yi tsit har na fita. Ba duk aka taru aka zama ɗaya ba.

Dakta Bilkisu (Nottingham): Baba ya taɓo abin da littafin ya tsallake. Littafin yana nuna mashaya a matsayin dandalin unguwa da kowa ke haɗuwa, alhali akwai lokacin da ake korar baƙar fata da 'yan Indiya daga ciki, ko a ware musu ɗaki, wani wurin har da kofunansu daban. A watan Fabrairun 1965 Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata na Amurka, ya je Smethwick kusa da Birmingham bisa gayyatar ƙungiyar ma'aikata 'yan Indiya, suka kai shi mashaya ya ga wariyar da idonsa. Kwana 9 bayan nan aka kashe shi a Amurka. A shekarar ce majalisa ta yi dokar farko da ta hana nuna wariyar launin fata a wuraren jama'a, ciki har da mashayu. Yanzu a wannan yankin mashayu da yawa 'yan asalin Punjab ne suka mallake su, ana gasa nama da kayan yaji. Wannan shi ne labarin da ya dace a koya wa baƙo, amma ba za ki gan shi a jarrabawa ba.

Ita kanta jarrabawar ba tsohuwa ba ce. An fara ta a Nuwamban 2005 ga masu neman zama 'yan ƙasa, zamanin gwamnatin Tony Blair, tushenta dokar 2002 lokacin David Blunkett yana ministan cikin gida. A 2007 aka faɗaɗa ta zuwa masu neman izinin zama na dindindin. Littafin farko-farko ya fi ba da ƙarfi a kan rayuwar yau da kullum, neman aiki, haya, makaranta, asibiti. Bugun 2013 ne ya karkata zuwa tarihi da al'adu. A shekarar wani farfesa a Jami'ar Durham, Thom Brooks, Ba'amurke ne da shi ma ya zauna jarrabawar, ya fitar da rahoto ya kamanta ta da kacici-kacicin mashaya maras kan gado. Kun ga mashayar dai ta sake dawowa.

Abban Sadiq (Manchesta): Dakta ni fa ban yarda da masu kushe ta gaba ɗaya ba. Ina tuƙa tasi shekara 11, kuma abin da na karanta a littafin nan ya yi min rana. Kafin nan ban san me ya sa suke maƙala jan fure a ƙirji a watan Nuwamba ba, ban san me ya sa ake ta harba wuta sama ranar 5 ga wata ba, na zaci wani rikici ne ya ɓarke. Na taɓa ce wa wani fasinja ɗan Glasgow shi ɗan Ingila ne, har muka isa bai sake ce min uffan ba. Wanda zai zauna a garin mutane ya san kan garin, ba laifi ba ne.

Dakta Bilkisu (Nottingham): Ban ce a soke ta ba Abban Sadiq. Cewa na yi a tambayi abin da zai amfani mutum. Tsayin lilon nan na London Eye mita 135, me zai ƙara wa mai jinya a Leeds? Ka ɗauki tambayoyin ka ba fasinjojinka 'yan asalin ƙasar, ka ga nawa za su kai 18.

Abban Sadiq (Manchesta): Na gwada! Wani dattijo na tambaya wa ya buɗe gidan abincin Indiya na farko a Landan, ya ce in sauke shi a nan. Amsar Sake Dean Mahomet ne, 1810, Maman Ilham ki riƙe wannan, tana yawan fitowa a gwaji.

Ɗan Damagaram (Hambug): Gaisuwa ga mutanen Ingila. Mu nan Jamus tambaya 33 ce, ka ci 17, awa guda, kuɗinta yuro 25. Kuma ba ɓoye-ɓoye, tambayoyin duka 310 an buga su kowa ya gani, 300 na ƙasa baki ɗaya, 10 na jihar da kake. Yawanci tsarin mulki ne da zamanin Hitler da rabuwar ƙasa da haɗewarta. Ba su tambaye mu wasa ba. Amma Baba, abin da ka kwatanta akwai shi nan, gungume 9 ne su ma, a ƙarƙashin ƙasa na tsofaffin mashayu. Abokan aikina sun taɓa kai ni, na sha lemuna na kayar da 2.

Yaya Zulai (New York): Namu na Amurka da baki ake yi lokacin da na yi. Tambaya 100 za ka haddace, jami'i ya tambaye ka har 10, ka ci 6 ya tsaya. Gaba da gaba, yana kallon idonka. Ni 'yar zangon Kumasi da Turancina na Gana, sai da ya maimaita min tambaya sau biyu. Ku da kuke danna kwamfuta ku gode wa Allah.

Malam Habu (Bradford): Baba, da girmamawa, ina tsoron kada matasa su karanta labarinka su ɗauka cewa hanyar shiga cikin mutanen nan ita ce mashaya. Kai addininka daban, ba zan ɗora maka hukuncinmu ba. Amma yaranmu suna cikin gidan nan suna karantawa.

Baba Ɗanjuma (Bristol): Malam ka yi gaskiya, kuma ban ce kowa ya je ba. Ni kaina majami'armu ta gida ba ta yarda da giya ba, da mahaifiyata ta san inda nake aiki da ta sa an dawo da ni Zariya a jirgin farko. Abin da nake nufi, mutane ba sa karɓarka don ka san shekarar yaƙin Hastings. Suna karɓarka ranar da suka buƙace ka kuma ka zo. Ni a ɗakin sikitul ta same ni. Wani a filin kurket, wani a lambun haya, wani a ƙofar makarantar yara. Ku a Bradford ai masallatanku suna raba abinci ga mabuƙata ba tare da tambayar addini ba, wannan ma ƙofa ce.

Malam Habu (Bradford): A nan mun haɗu Baba. Allah ya ƙara girma.

Sadiq (Manchesta): Salam iyaye. Abba ne ya turo min in zo in kare dats. Dats yanzu ya fita daga mashaya fa, a ɗakina akwai allo, a makarantu ma ana yi. Luke Littler yana shekara 17 ya ci kofin duniya a Janairun 2025 a Alexandra Palace, ko giyar bai isa saya ba lokacin. Kuma lissafi ne tsantsa. Ana farawa da 501 ana ragewa har sifili, kibiya 3 kowane zagaye. Allon yana da siririn zobe na ciki mai ninka maki sau 3, da na waje mai ninkawa sau 2. Mafi yawan abin da za ka samu a zagaye 180 ne, wato 60 sau 3. Kuma dole kibiyar ƙarshe ta faɗa zoben ninki 2 ko tsakiyar allo, in ba haka ba ba ka gama ba. Shi ya sa suke son su bar 32: ka nemi ninkin 16, in ka kuskure ka sami 16 kawai sai ka koma ninkin 8, daga nan 4, daga nan 2. An kuma ajiye 20 a tsakanin 1 da 5 da gangan, hannunka ya ɗan karkace ka tashi da 1.

Abban Sadiq (Manchesta): Da haka kake lissafin makaranta da mun huta. Kuma bangon ɗakin duk huji ne, mai gida zai riƙe kuɗin ajiyata.

Maman Ilham (Leeds): Tsaya Sadiq. Ka ce 32 ninkin 16? Innalillahi. Akwai wani tsoho da nake kula da shi a wurin aiki, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, 'yarsa ta zo bai gane ta ba. Amma kullum in ina ba shi abinci yana ta ƙunƙuni da lambobi, ninkin 16, ninkin 8, ninkin 20. Mu duka mun ɗauka ruɗewa ce, har an rubuta a fayil ɗinsa. Gobe ina aikin safe, zan gwada shi.

Baba Ɗanjuma (Bristol): Ki gwada 'yata. In mutumin Yorkshire ne na asali ki tambaye shi allon da ya fara jifa a kai, nasu na dā ba shi da zoben ninki 3 ɗin nan. Na Manchesta kuma ƙarami ne na itace, sai an jiƙa shi a ruwa in an tashi don kada ya tsage. Ko dats ɗin ma kun ga ba ɗaya ba ne.

Tunda kun tayar min da tsohon tsumi, bari in ƙara biyu. Akwai wanda pul ya kora, teburi ne da ake bugawa da sanda daga gefe ɗaya kawai, ramukan a tsakiyar teburin suke ba a kusurwa ba. Daga Beljiyam aka kawo shi a shekarun 1930. Ramin da ya fi tsada maki 200 ne, amma an kafa wani ɗan baƙin turke a gabansa, ka kayar da shi duk abin da ka tara tun farkon wasa ya tafi. Na ga ƙato da gemu ya kusa kuka a kan turken nan. Yana da agogo a ciki, ka jefa kuɗi, in lokaci ya cika wani ƙarfe ya faɗo ya tare ƙwallayen.

Na biyun ku tsofaffin cikinmu za ku gane. Kun tuna ɗari, sisin kwabo? Kafin naira ta zo a 1973 muna da anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule. To su ma suna da ɗarinsu, kuma suna da wasan tura ɗari. Allo ne mai santsi na katako ko dutse, an ja layuka an raba shi gida 9. Ka ɗora ɗari a bakin allon ya ɗan leƙo, ka buge shi da tushen tafin hannu, ya zame ya tsaya a cikin gida ba tare da ya taɓa layi ba. Ɗari 5 ake ba ka, kowane gida sai ka cika shi sau 3, ana yin alama da alli a gefe. Lokacin da na zo sun riga sun daina kashe ɗarin, sun koma sabon kuɗi a 1971, amma kowace mashaya tana ajiye da guda 5 da aka goge gefe ɗaya ya yi sumul. Mai mashaya ya fi kishin allon nan a kan matarsa, ka ɗora kofi a kai ka ga tashin hankali.

Dakta Bilkisu (Nottingham): A nan garinmu akwai tsohuwar mashaya da aka sassaƙa cikin dutsen da ke ƙarƙashin tsohuwar fadar garin, masu yawon buɗe ido suna zuwa, a ciki akwai zobe ɗaure da igiya daga rufi, ana lilo da shi a rataya a ƙugiyar da ke bango. A Oxfordshire kuma sanduna 6 suke jifan wata 'yar tsana ta itace da aka ɗora kan ƙarfe. Duk suna mutuwa, mashayun ana rufe su ana mai da su gidajen haya ko kantuna. Tun da aka hana shan taba a ciki a 2007 da yawa suka koma gidan abinci, ɗakin wasa ya zama wurin jera tebura.

Hajiya Binta (Landan): Wata a unguwarmu masallaci ta zama, ni kam ban yi kuka ba.

Ɗan Damagaram (Hambug): Ni duk wannan hira dara ta tuna min. Baba yana maganar ɗari ina ganin kakana a gindin bedi bayan la'asar, an tona ramu 30 a ƙasa, shi da tsinke 12 abokinsa da tsakuwa 12, ka jera 3 ka cire ɗan abokin wasa. 'Yan kallo sun fi 'yan wasa hayaniya. Bara da na je gida na nemi masu dara a wurin, sai teburin sinuka na tarar da yara kowa da waya. Wannan ma pul ɗin ne ya bi mu har can.

Abban Sadiq (Manchesta): To a ce Kano za ta shirya wa baƙi irin wannan jarrabawa, me za a tambaya? Ni tawa: lissafo ƙofofin gari guda 5. Wace rana ake Hawan Nasarawa. Me ake barbaɗa wa gurasa.

Hajiya Binta (Landan): Wasanni biyu na gargajiya a majalisar mai shayi: karta da gulma.

Yaya Zulai (New York): Hajiya ba ki da dama wallahi. A saka langa da 'yar carafke, in ga yaran yanzu nawa za su ci.

Dakta Bilkisu (Nottingham): Muna dariya amma akwai abin da ke ƙasa. A tsarin mulkin Najeriya na 1999 baƙo yana iya zama ɗan ƙasa bayan shekara 15, babu jarrabawar rubutu, amma sai gwamnan jihar ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi. Wannan na baƙo ke nan. Ɗan ƙasa fa? An haife ni a garin da aka haifi mahaifina, na je neman takardar shaidar asali don gurbin karatu aka ce in koma inda kakana ya fito, garin da ban taɓa kwana ba. Duk sukar da nake wa jarrabawar nan, aƙalla ƙofa ce mai mabuɗi. Ka biya fam 50, ka haddace matan Henry, ka shiga. Wace jarrabawa zan ci a gida in zama 'yar garin da aka binne cibiyata?

Malam Habu (Bradford): Wannan ciwo ne da ya taɓa kowane ɓangare Dakta, ba mutum ɗaya ba.

Abban Sadiq (Manchesta): Fam 50 kuma Dakta? Wannan kuɗin ƙofar waje ne. Izinin dindindin dubban fam ne kan kowane mutum, ka ninka da mata da yara, sannan na zama ɗan ƙasa, sannan jarrabawar Turanci, mu da aka yi wa bulala a firamare saboda mun yi Hausa a aji. Mabuɗin akwai, amma na zinare ne.

Shugaban zaure: Jama'a a yi hattara da maganar asali, mun san inda ta kai mu wancan karon. A koma kan taimakon Maman Ilham.

Maman Ilham (Leeds): Na dawo daga aiki, ko hijabi ban cire ba. Da safe ina gyara masa gado na ce, saura 32. Bai ko ɗago ba ya ce ninkin 16. Na ce saura 100, ya ce 60 sai ninkin 20. Na duba abin da Sadiq ya turo min a gefe na ce saura 170. Sai ya ɗago ya kalle ni sosai, irin kallon da bai taɓa yi min ba cikin wata 8, ya ce 60, 60, tsakiya, amma ke ba za ki iya ba. Ya yi dariya har da tari. Hannunsa na dama ya ɗaga daidai ido, yatsu uku a haɗe, yana ɗan kaɗa shi gaba da baya. Abincin da kullum sai an yi dambe, yau ya cinye muna lissafi. Da 'yarsa ta zo da rana na gaya mata, ta zauna ta yi kuka, ta ce shekara 30 yana jifa wa ƙungiyar mashayar unguwarsu, kofunansa suna cikin kwali a garejinta. Ta ce za ta kawo.

Baba, na tambaye shi allon da ba shi da zoben ciki. Bai amsa ba, ya koma inda yake zuwa.

Baba Ɗanjuma (Bristol): Ba komai 'yata, ki sake gwadawa wata rana da safe. Allah ya yi miki albarka.

Sadiq (Manchesta): Anti 170 shi ne mafi girman abin da ake iya gamawa da kibiya 3, ya faɗa daidai!

Hajiya Binta (Landan): To yanzu a koma kan littafi. Ranakun waliyyansu: Wales 1 ga Maris, Ireland ta Arewa 17 ga Maris, Ingila 23 ga Afrilu, Scotland 30 ga Nuwamba. Ni a jikin firij na manna.

Maman Ilham (Leeds): Alhamdulillah jama'a, na ci! Yanzu na fito. Bayan duk wannan hayaniya ko tambaya ɗaya ba a yi min kan mashaya ba. Magna Carta ta fito, takardar nan da ta rage wa sarki iko, 1215, waliyyin Wales ya fito, Hajiya Allah ya saka da firij ɗinki.

Abban Sadiq (Manchesta): Barka! Sai walima, kuma ba a mashaya ba kafin Malam ya yi magana.

Malam Habu (Bradford): Ai na riga na fara rubutawa. Barka 'yar'uwa, Allah ya sa alheri ne.

Baba Ɗanjuma (Bristol): Barka 'yata. Yanzu da kin wuce kina iya faɗin gaskiya, pul baƙo ne.

Maman Ilham (Leeds): Na karɓa Baba. Sadiq, shugabar wurin aikinmu ta ce ba za a shigo da kibiya mai tsini ba ko da wasa. Akwai allon da ake jifa da maganaɗisu ko? Turo min irin wanda lambobinsa suke a jere daidai, don mutumin nan zai gane in an sauya wa 20 wuri.